Zuwa ga Ummi, kan karatun da kika zaɓa

Gombe

Ummi 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, gida kowa lafiya lau. Mamarki ta ce Kawunki ya sake tsare ki a Bauchi da tambayar me binciken ɓoyayyen makamashi, wato ƙarfin da ke ingiza faɗaɗar sararin samaniya, zai tsinana wa wanda ya kwana da yunwa. Kada ki ja da shi, babba ne, kuma tambayarsa ba ta banza ba ce. Amma saurari nawa.

Kafin 1998, yawancin masana sun ɗauka faɗaɗar sararin samaniya raguwa take yi, tunda nauyi yana janyo komai wuri guda. A takarda lissafin ya zauna daram. Sai wasu ayari biyu suka duƙufa auna hasken taurarin da suka fashe can nesa, suka tarar haskensu ya dushe fiye da yadda aka zata, wato sun fi nisa. Ashe gudun faɗaɗar ƙaruwa yake yi! Da an yi ƙyashin kuɗin madubin hangen nesa, da har yau ana kan tsohon zato. Masana uku daga ayarin biyu, Perlmutter da Schmidt da Riess, sun samu kyautar Nobel a 2011 saboda wannan. Abin da ke ingiza sararin, wato ɓoyayyen makamashin, ya kai kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke cikinsa, kuma har gobe ana neman gano ko mene ne.

Shi ya sa nake so ki riƙe ɓangaren awo da hannu biyu. Hasashe kowa na iya yi a kan tabarma, ni kaina na iya. Dubi na'urar DESI da ke Arizona a Amurka: siraran zaruruwa 5,000, kowane da ɗan injin da ke saita shi ga gungun taurarinsa, a ɗauki haskensu lokaci guda. Sakamakonta na 2024 da 2025 ya nuna alamar ƙarfin makamashin yana iya raguwa. Alama ce kawai, sai ƙarin awo zai raba gardama. Turawa ma sun harba madubin hangen nesa na Euclid zuwa sararin samaniya a 2023 don wannan aikin.

DESI ta saki bayananta kyauta a intanet, kina iya sauke su daga ɗakinki. Ki dage da yaren kwamfuta na Python da ilimin ƙididdiga, kada ki tsaya haddace abin jarabawa kawai. Kuɗin data na bai wa yayanki, zai turo miki ranar Juma'a. Ki gaishe da Kawu da Gwaggo.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki