Samarinmu da shan ɗanyen ƙwai da madara a hunturu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya sanyi. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya faru a gidanmu nan ƙauye wajen Ringim, don har yanzu abin na cina a rai.

Ƙanena yana noman rani, alkama ya sa bana, da asuba yake fita ban ruwa cikin wannan sanyin mai shiga ƙashi. To rannan a teburin mai shayi wani abokinsa ya nuna masa bidiyo a waya, Turawa suna kaɗa ƙwai cikin madara suna sha, wai ai ga sirrin ƙarfinsu nan, shi kuma dama samarinmu sun daɗe da cewa ɗanyen ƙwai da madarar gwangwani yana ƙara jini, sai kawai ya fasa guda 2 a kofi ya juya ya shanye. Washegari da dare sai murɗar ciki, gudawa, amai, jiki zafi rau. Kwana 4 yana kwance, sai da aka yi masa ƙarin ruwa, ni na riƙa zuwa masa gonar. Ma'aikacin lafiyan da ya duba shi ya ce da alama ƙwayar cutar salmonela ce, wadda ake samu a ɗanyen ƙwai, a bayan ɓawon ko ma a cikinsa, kuma ƙwan zai yi kyau a ido ba wari ba komai.

Abin da ya gani a bidiyon sunansa eggnog, a Amurka da Kanada ake shan sa daga ƙarshen watan Nuwamba har Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin sanyinsu kenan, asalinsa kuma daga Ingila ne. Madara ce da sukari da ƙwai da gyaɗar ƙamshi, wasu su ƙara kirfa. Amma fa abin da abokin nan bai faɗa ba, wanda ake sayarwa a kantunansu an riga an dafa shi ƙwayoyin cutar sun mutu, sannan da yawansu giya suke zubawa a ciki, wanda mu wannan ba namu ba ne sam.

Ni ban ce kar a sha ƙwai da madara ba, abinci ne mai gina jiki. A dafa kawai. Maiɗakina ta gwada mana, ta tafasa madarar shanu ta sauke ta ɗan huce, ta kaɗa gwaiduwa da sukari tana zuba madarar kaɗan kaɗan, ta mayar kan garwashi mara ƙarfi tana juyawa ba tsayawa, don in ya tafasa ƙwan guda-guda zai yi. Masana sun ce zafin ya kai digiri 71, mu da ba mu da ma'auni sai ta tsoma cokali, in ya manne a bayansa ka ja yatsa layin ya tsaya, to ya yi. Ta sa citta da kanumfari, wallahi yara har kofi suka lashe.

Roƙona ga masu shayi, in yaro ya ce a fasa masa ɗanye a madara a ce a'a, a soya masa, musamman ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi don su cutar ta fi kayarwa. Ma'aikatan lafiya ma don Allah ku riƙa faɗa a rediyo kafin sanyin nan ya wuce.

Naku,
wani manomi daga yankin Ringim, Jihar Jigawa