Wasiƙa daga Damagaram

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin Agadas. Mu nan Birni lafiya lau, Inna tana gaishe ka da kyau.

Tun da ka tafi ban sake zama gaban dara ba. Ramukan da muke tonawa gindin dogon yaro duk iska ta cike su. Sai ga ƙanena ya zo hutu daga Yamai da wani wasa cikin kwali, sunansa Les Aventuriers du Rail, da Turancin Ingilishi Ticket to Ride. Alan Moon ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2004. Yanzu shi muke shimfiɗawa kan tabarma bayan isha'i, ana dafa shayi.

Taswirar Amurka ce da kudancin Kanada. Kowa yana da taragon jirgin ƙasa 45 na roba, yana tara kati masu launi ɗaya don ya kama hanya tsakanin gari da gari. Hanyar gida 1 maki 1 ce, ta gida 6 kuwa maki 15. Sannan kowa yana riƙe da tikiti a ɓoye na garuruwa biyu da zai haɗa. In ya haɗa ya ci makin, in ya kasa a cire masa.

Daren jiya na samu tikitin Los Angeles zuwa Miami, maki 20. Na duƙufa kan dogayen hanyoyi, na bar ƴar gajeruwar da ke tsakanin Houston da New Orleans, gida 2 kacal, ina cewa ba mai kula ta. Ashe Auta tana kallon inda taragona ya dosa. Ba ta ce uffan ba, ta ajiye kati 2 ta toshe. Na nemi zagayawa ta Dallas da Little Rock, kafin in kai ƙanena ya rage da tarago 2, wasa ya zo ƙarshe. Wallahi raina ya sosu, amma na ji daɗin yarinyar. Shekararta 11, ta riga ta iya karanta niyyar mutum daga hannunsa, irin yadda kake mini a dara in na kusa jera uku.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, mu da ba mu da layin dogo a Damagaram, yara sun ce sai mun zana tamu taswirar a bayan kwali: Mirya, Magarya, Matamai, Tanut, Gure, har Kano. Gardama ta tsaya kan gida nawa za a ba hanyar Tanut zuwa Agadas. Na ce a bari sai an tambaye ka, kai da ka san wahalarta.

Wasan yana ɗaukar mutum 5, mu 4 ne. Jan tarago yana cikin kwali ba mai taɓa shi, na ce naka ne. Ka sanar da ni ko za ka zo Sallah.

Naka amini,
daga Birni, Damagaram