Littafin tarihi ɗaya, na labari ɗaya: tsarin karatun majalisarmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, don Allah a ɗan sam min fili in faɗi abin da muka fara ni da abokaina biyu a nan Zariya, ko Allah Ya sa masu karatu su taya mu da shawara.

Mu uku ne muke zama duk Asabar bayan la'asar a ƙofar shagon abokina tela, da can hirar siyasa ce da ƙwallo har a kira magariba, sai ranar nan muka ce kai, shekaru fa suna ja, mu riƙa karanta wani abu tare mana. Nan gardama ta tashi. Babbanmu da muke ce wa Yaya, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, shi tarihi kawai yake so, wai littafin labari tatsuniya ce ta yara. Tela kuma ya ce in dai jerin sarakuna da shekarunsu za a riƙa karanto masa to gyangyaɗi zai yi a kan keke. Sati biyu muna ja, daga ƙarshe muka daidaita a kan duk littafin tarihin da za mu ɗauka sai mun nemo masa abokin tafiya, labari ko waƙa da ta taɓo wannan zamanin, a riƙa karanta su kafaɗa da kafaɗa.

Da Ganɗoki na Bello Kagara muka buɗe. Ni nake karantawa da ƙarfi saboda hannun tela ba ya zama banza, muna cikin wurin artabu da Turawa sai na ji keke ya tsaya cak, ga shi da tef rataye a wuya ya juyo yana tambaya, Yaya wai da gaske an yi wannan? Yaya ya gyara tabarau ya shiga jero masa, Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas har aka ci masa a Burmi a watan Yuli. Wallahi mutumin da ya ce zai yi barci ranar shi ya hana mu tashi. Da labarin ya kai ga aljannu Yaya ya ɗan ɓata rai, amma shi da bakinsa ya ce mu lura da abu ɗaya, don gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 aka rubuta littafin nan, wato shekara 30 kacal bayan faɗuwar Kano, waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye suna ba da labari a zaure. Tun daga ranar bai ƙara cewa tatsuniya ba.

Na biyu Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, za mu haɗa shi da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, don a ga yadda hare-hare da cinikin bayi suka riƙa raba uwa da ɗa, abin da mu Hausawa ba mu cika son a taɓo mana ba alhali ya faru kuma ya kamata a sani. Sai Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tare da Waƙar Gewaye ta ƙanwarsa Nana Asma'u, su biyun duk sun bi hijirar 1804 daga Degel zuwa Gudu da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, shi a zube ita a waƙe. Wannan mun ajiye shi sai mun samu natsuwa, ba na karatun gaggawa ba ne. Magana Jari Ce kuwa na hutawa ne in kai ya yi zafi. Uwargidana da ta ga takardar jerin littattafan ta ce ina marubutan mata na wannan zamani, gaskiya ta faɗa, muka ƙara So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid.

Babi biyu kawai muke yi a sati, ba ma tsere da kowa.

Matsalar ita ce samun littattafan, Malam Edita. Na zaga shaguna an ce sun ƙare, wani ya ba ni fotokwafi duk ya dushe ga shafi huɗu babu a tsakiya, na waya kuma Yaya idonsa ba ya ɗauka. Muna son Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji mu haɗa shi da Waƙar Bagauda amma har yau shiru. Sannan jerin namu ya karkata wuri ɗaya, babu komai a kan Damagaram ko Maraɗi ko Gobir, alhali tarihin nan ba a kan boda ya tsaya ba. 'Yan uwanmu na Nijar don Allah ku faɗa mana me kuke da shi da Hausa, kuma a ina ake sayarwa. Ita ma jaridarku in za ta ware ɗan gefe ko sau ɗaya a wata inda masu karatu za su riƙa turo irin wannan haɗi da wurin da ake samun littafin, da kun taimake mu ƙwarai.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya