Wasiƙa ga aminina kan zaɓen kwasa-kwasan digirin kwamfuta

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Mu ma nan lafiya ƙalau, sai kewarku. Ka yi mini afuwa da jinkirin amsa. Saƙonka ya same ni ina tsakiyar jinga, kuma na ga tambayarka ta fi ƙarfin layi biyu a waya, shi ya sa na bari sai da na sami sararin zama.

Wallahi na ji daɗi da ka yanke shawarar komawa karatu. Tun muna tare kai ne mai kwance kwamfuta ka mayar da ita, mu muna gefe muna kallo, don haka ban yi mamakin fannin da ka zaɓa ba. Amma da na karanta jerin kwasa-kwasan da ka turo, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Kada ka ɗauka raini ne, kaina na hango. Ƙirƙirarriyar basira, tsaron intanet, ƙera shafukan yanar gizo, manhajar waya, duk kana so ka taɓa tun shekarar farko, ga aikin ofis, ga iyali. Malam, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Bari in fara kawar da abin da na ga yana damunka a ƙarshen saƙon, wai ko mutane za su ɗauki digirin daga nesa da daraja. Wannan hanya ba jiya aka fara ta ba. Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta tun 1858. Open University ta Birtaniya an kafa ta a 1969, ɗalibanta na farko suka fara a 1971, wasu darussan ma ta talabijin da rediyo ake watsa musu. Nelson Mandela kuwa yana tsare ya kammala digirinsa na shari'a daga nesa da jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu. Abin da ya kamata ka tabbatar kawai shi ne hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar da jami'ar take ta amince da ita. In ka tabbatar da wannan, sauran magana tana hannunka, domin a harkar kwamfuta mai ɗaukar aiki zai so ya ga abin da ka iya ginawa.

Yanzu ga lissafin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya yi mini. Tunda jami'ar da ka zaɓa tsarin kiredit irin na Birtaniya take bi, kamar tamu, to cikakken digiri kiredit 360 ne, an kasa shi mataki uku, kowane mataki 120. A wannan tsari, kiredit ɗaya na nufin kimanin awa 10 na karatu. Ka ga ke nan awa 3,600 ake nema a wurinka. Idan ka ɗauki kiredit 60 a shekara, awa 600 ke nan, in ka raba su a kan wata tara na karatu za ka sami wajen awa 15 zuwa 17 a kowane mako, digirin kuma ya ɗauke ka shekara shida. Idan ka ɗauki 120, ka gama a shekara uku, amma fa awa talatin da ɗoriya kowane mako. Aiki ne na biyu cikakke, ba albashi.

Ni 120 ɗin na ɗauka a shekarata ta farko. Na ce ai da ƙuruciyata, kuma shekara shida ta yi mini nisa. Wata biyu na farko abin ya tafi sumul, har ina ganin masu gargaɗina tsoro ne kawai ya yi musu yawa. Cikin wata na uku jinga biyu suka faɗo a mako ɗaya, a daidai lokacin da aiki ya rincaɓe a ofis, yaro kuma ya kwanta rashin lafiya. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba, na tura ɗaya a gurguje, ɗayar kuma wa'adinta ya wuce ni. Daga nan ban sake kamo zaren ba. Kowane mako ina bin bashin makon da ya wuce, har dai na haƙura na ajiye kwas ɗaya, bayan ranar da ake iya mayar wa mutum da kuɗinsa ta wuce. Ni na ɗebo ruwan dafa kaina, ba wanda zan ɗora wa laifi. Ranakun duk suna rubuce, ban duba ba ne.

Saboda haka kafin ka cike fom, ka yi wannan gwajin. Ka ware mako biyu, ka sa wa kanka awa 16 a kowanne, ka zauna ka yi karatu na gaske, ko da wani darasin kyauta ne na intanet. Ka riƙa rubuta awannin da ka yi da gaske, ban da waɗanda ka yi niyya. Abin da ka samu shi ne ƙarfinka. Ni da na yi daga baya, awa 12 na samu a mako mai kyau, mafi yawansu da asuba kafin gida ya tashi. Karatun dare bayan an dawo daga aiki, ido ne kawai ke bin layi, kai ya riga ya kwanta. Kuma ka zauna da uwargida ku yi maganar sosai, domin awannin nan daga nata rabon da na yara za ka yanko su.

Abu na biyu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan doguwar wasiƙa: kada ka fara zaɓe daga mataki na ɗaya. Ka fara daga na uku ka dawo baya. Buɗe jerin kwasa-kwasan matakin ƙarshe, ka zaɓi biyu ko uku da ranka ya fi so, sannan ka karanta abin da kowannensu ya ce sai ka sani kafin ka shige shi. Wannan zai nuna maka na mataki na biyu da ba makawa sai ka yi, su kuma su nuna maka na farko. In ka yi haka za ka ga zaɓin da kake ganin yana da yawa ya tsuke, rabin kwasa-kwasan sun zaɓi kansu.

Ka kula da wani tarko a nan. Akwai sharaɗin da aka wajabta, wanda ba za a bar ka ka yi rajista ba sai ka cika shi. Akwai kuma wanda aka rubuta da lallausan harshe, wai “ana so” ɗalibi ya san kaza. Na biyun ne ya kama ni. Na tsallake kwas ɗin lissafi a matakin farko, tunda ba dole ba ne, na ɗauki wani mai daɗin suna a madadinsa. Da na iso kwas ɗin algoridim (wato dabarun warware matsala mataki-mataki) da tsarin adana bayanai a mataki na biyu, sai na tarar tun mako na uku ana magana da yaren da ban iya ba.

Bari in ba ka misalin abin da nake nufi, don kada ka ce tsoratar da kai nake. A ce kana da sunaye miliyan ɗaya, kana neman guda. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙila sai ka duba miliyan ɗin duka. In kuwa a jere suke bisa haruffa, sai ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Dubawa 20 ta ishe ka, domin in ka ninka 2 da kanta sau 20 ka haura miliyan. Haka wajen jera su: dabarar da ke gwada kowane suna da kowane ɗan'uwansa za ta yi aiki lafiya a kan suna dubu, amma a kan miliyan gwajin zai kai ɗaruruwan biliyoyi, alhali dabara mai kyau za ta gama da kimanin miliyan 20. Wannan bambanci shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma da lissafi ake bayyana shi. Ranar da na gane haka na ji haushin shekarun da na yi ina gudun lissafi.

Kuma ba algoridim kaɗai ba ne. Rumbun bayanai da SQL, yaren da ake neman bayanai da shi a cikinsa, sun ginu ne a kan tunanin da Edgar Codd ya wallafa a 1970 yana aiki a IBM, tushensa kuwa lissafin rukunoni ne da mandiƙi. Tsaron intanet da kake sha'awa, in ka shiga ɓangaren ɓoye saƙo za ka haɗu da wani tsarin ɓoye saƙo mai suna RSA, wanda aka fito da shi a 1977, shi kuma ya dogara ne a kan wahalar gano manyan lambobin da aka ninka aka sami wata lamba. Ƙirƙirarriyar basira ita ce ma uwa uba, aljabara ce da lissafin yiwuwar aukuwar abu tun daga ƙofa har ƙurya. Duk inda ka nufa, lissafin yana zaune a bakin hanya yana jiranka. Gara ka gaishe shi tun a matakin farko, inda ake koyar da shi a hankali. A jami'o'in Birtaniya da dama, makin matakin farko ba ya shiga lissafin darajar digiri, cin jarrabawar kawai ake buƙata. Ka duba ko haka taku take. In haka ne, to nan ne wurin da za ka fuskanci abin da kake tsoro ba tare da ya ɓata maka sakamako ba.

Batun yaren rubuta manhaja da ka tambaya, kada ya hana ka barci. Yawanci da Python ake farawa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, daga baya a kai ka Java, wanda ya fito a 1995. Wanda ya iya ɗaya da kyau, na biyu ba ya ba shi wahala sosai. Abin da zan hana ka shi ne ɗaukar kwas biyu masu yare daban-daban a lokaci guda tun hannunka bai faɗa ba. Ka haɗa mai rubutun manhaja ɗaya da wani mai karatu da bayani, kamar na sadarwar kwamfutoci, don ƙwaƙwalwa ta riƙa samun sauyi. Af, in ka saukar da Python, rubuta 0.1 + 0.2 ka ga amsar da zai ba ka. Ba zan gaya maka ba. Ni dai rannan na ɗauka kwamfutata ce ta lalace, sai da muka zo darasin yadda na'ura ke adana lambobi da 0 da 1 na fahimci dalili.

Sauran ƙananan abubuwa, a taƙaice. Difulomar da ka yi a baya, ka tura musu takardunta tun kafin rajista, wataƙila su yafe maka wasu kiredit, sai dai a fannin kwamfuta sukan duba tsufan karatun. Ka tambayi iyakar shekarun da aka ba ka ka gama. Ka tambayi kuma ko kwasa-kwasan matakin ƙarshe da ka ɗora ido a kansu za su kai lokacin da za ka iso, domin akan yi wa kwas ritaya a kawo sabo, musamman a wannan fanni mai saurin sauyawa. Kuma a tsarin nan akwai matsaya a hanya: kiredit 120 na iya ba ka satifiket, 240 difuloma. Ka jera kwasa-kwasanka yadda ko rayuwa ta tsayar da kai a tsakiya, ba za ka fita hannu rabbana ba.

Wani abu da ba a rubuta shi a takardar kowane kwas ba shi ne kaɗaici. Ba abokin zama a aji, ba wanda zai lura in ka yi mako biyu ba ka buɗe littafi ba. Malamin da aka haɗa ka da shi, ka rubuta masa tun makon farko ko ba ka da matsala, don ranar da matsalar ta zo ya zama kun riga kun saba. Sau da yawa in ka nemi ƙarin kwanaki kafin wa'adin jinga ya cika akan duba, amma bayan ya wuce magana ta canza. Ni kunya ce ta hana ni tambaya a shekarar farko, ina ganin kamar zan nuna gazawa. Yanzu kam na zama matambayi, har ina jin malamina na gane saƙona tun kafin ya buɗe.

Furojet ɗin ƙarshe kuwa, shi nake fuskanta a baɗi in Allah ya kai mu, kuma na lura ana so ya fito daga kwasa-kwasan matakin ƙarshe da mutum ya yi. Wani dalilin ke nan na zaɓen su tun da wuri. Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta duk wata matsala da ka gani a wurin aikinku wadda manhaja za ta iya warwarewa. Nawa ya kusa cika, ko da yake rabin abin da ke ciki shirme ne.

In da ni ne kai, bana kiredit 60 zan ɗauka: kwas ɗin gabatarwa ga kwamfuta da rubuta manhaja, sai na lissafi. In shekara ta ƙare ka ga da sauran ƙarfi, ka ƙara zuwa 90 a ta gaba, ba wanda zai hana ka. Tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira suna nan, ba inda za su je. Ni dai ina ganin na farkon ya fi dacewa da kai, saboda yadda kake son sanin cikin na'ura da yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci, amma wannan ra'ayina ne, kai ka san zuciyarka.

Ka turo mini jerin kwasa-kwasan mataki na biyu da na uku, da ranar rufe rajista, mu zauna a waya ranar Asabar mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Littattafan lissafin matakin farko da na koma na karanta daga baya suna nan, na yi musu rubuce-rubuce a gefe amma za su karantu, in kana so sai in nemi hanyar aiko maka.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya sa albarka a abin da za ka fara, ya kuma sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka.