Kai Ma Har Kana Kukan Tsadar Fetur?

Haɗejia, Nuwamba 2024

Assalamu alaikum, mutumin Agege.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara leƙowa, an gama yankan shinkafa, Inna kuma ƙafar da sauƙi. Ta ce in faɗa maka man zafin da ka aiko ya ƙare, ka san abin da take nufi.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi a majalisa, kowa ya ji.  Amma tukuna, wai kai ne kake kuka don lita ta kai naira 998 a gidan man NNPC? Wallahi da Liman ƙarami ya ji haka sai da ya ajiye kofin shayi don dariya. Ya ce a tambaye ka ko akwai ɗaki a gidanka, zai dawo Ikko ya riƙa shan mai da arha. Ranar da aka sa muku 998, Abuja 1,030 aka sa musu, mu kuwa wa ya tambaye mu? Gidajen man ƴan kasuwa ne gatanmu, kuma a nan dubu da ɗari ɗaya zuwa da ɗari biyu ake yi, in ka samu. In dare ya yi sai ƴan bumburutu, su kuma sai sun kalli takalminka su yanka maka kuɗi.

Abin ba yau ya fara ba. Ka tuna ranar 29 ga Mayun 2023, da Tinubu ya ce tallafi ya tafi? Kafin la'asar gidajen mai sun ja ƙofa. Da NNPC ta fitar da jadawalinta, Legas 488, Abuja 537, Kano 540, Maiduguri 557. Man da muke saye ƙasa da naira 200! A lokacin kowa tsallen kuɗin ya gani, ba a kula da tazarar da ke tsakanin gari da gari ba. Ni kam ita ta fi tsaya mini a rai. Da can akwai asusun daidaita farashi, wanda aka kafa tun 1975, shi ke biyan kuɗin dako, don mai mota a Apapa da mai mota a Nguru su saya kusan kuɗi ɗaya, ko da a takarda ne. Yanzu babu wannan. Ko masu gidajen man har gobe kukan tsohon bashin dakonsu suke yi. To kowace kilomita da tanka ta taka daga bakin teku, a aljihunmu take fita. Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu, sannan a ƙaro ta Haɗejia. Ita kanta tankar dizal take sha, shi ma ya haura dubu. Ga taya, ga ramuka, ga na goro a kowane shinge, ga kwanan direba a hanya. Duk mu ne.

Kuma abin haushin, ba haka aka tsara ƙasar ba. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 don mu aka yi ta. Bututu aka ja har dafo ɗin Hotoro a Kano, daga nan tankoki su rarraba. Yau shekara nawa rabon da ka ji an ce ta tace ko cokali? Da matatar Dangote ta fara ba da fetur a Satumba, mutanen majalisa har tafi suka yi, wai ɗan gida ya zo, wahala ta ƙare. Na ce musu ɗan gida ne, amma a Lekki ya gina ta, kusa da surukanka. Ganga 650,000 a rana ba wasa ba ne, Allah ya ƙara masa, sai dai man ba fiffike ne da shi ba. Lissafin da NNPC ta fitar a makon ma ya nuna: Legas 950, Borno 1,019.

Af, kafin in manta, abokin faɗanka mai shagon caji ya yi aure. E, shi. Ba zan faɗi ko wace ce ba sai ka kira, amma ka san ta, kuma ka taɓa kai mata rake. An yi ɗaurin aure babu jerin gwanon motoci, amarya a Adaidaita biyu aka kai ta, ƙawaye suka taka da ƙafa suna guɗa. Gwaggo ta ce tun da take ba ta ga biki mai albarka irin wannan ba, ba wanda ya ci bashi. Shi kuwa ango duhun nan da aka yi a ƙarshen Oktoba, da layin wutar Shiroro ya lalace Arewa ta kwana fiye da mako ba wuta, shi ya yi masa kuɗin sadaki. Ya ninka kuɗin caji, ya ce ba shi ba ne, janareta ne.

To ga abin da ya hana ni barci. Noman rani ya zo, kuma ban san ko zan shiga fadama bana ba. Ka san gonar nan ta wajen Auyo, wadda ka faɗa rijiyarta. Bara alkama na yi da ɗan albasa a gefe. Alkama ba ta san uzuri ba, in lokacin ruwanta ya yi sai ka ba ta, tun daga shuka har ta yi kai. Jiya na zauna da biro na lissafa man da injin ban ruwa zai sha zuwa Maris, na ɗora taki da iri da kuɗin ƴan aiki, sai na ga ko ta yi kyau kamar ta bara, mai gidan mai na yi wa noma. Maƙwabcina na gabas ya riga ya haƙura, ya ba da tasa haya. Na yamma ya kai injinsa wajen bakanike an juya shi ya koma tukunyar gas, irin ta girki. Na je na gani: tukunyar na zaune a cikin kwatami, an rufa mata jiƙaƙƙen buhu saboda rana, tiyo ya bi ta cikin kabeji ya shiga kaburetar, injin yana ta bugawa lafiya lau. Da farko ya ci riba. Yanzu gas ɗin ma ya bi sahu, kuma sai ya ɗauro ta a babur ya shigo gari ɗuri, babur ɗin kuma ba ruwa yake sha ba.

Shi ya sa hankalina ya koma kan sola. Don Allah in ka shiga kasuwar Alaba ka tambayo mini injin ban ruwa mai aiki da rana, na inci biyu, da faifansa gaba ɗaya. Kada ka je da babbar rigar nan taka, za su ninka maka. Kuma ka tambayi kuɗin ɗoro shi a mota zuwa Kano, don na san a nan ma feturin zai biyo ni. In abin ya yi daidai zan sayar da bijimin. Maman yara ba ta sani ba tukuna, kada uwargidanka ta riga ni.

Na san ka ji labarin Majiya. A rediyo ka ji, mu kuwa hanyarmu ce ta zuwa Kano. Tankar mai ce ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife cikin dare a tsakiyar Oktoba, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150, aka yi musu kabari ɗaya. Na bi ta wurin bayan kwanaki, kwalta ta yi baƙi, ga silifas a warwatse a bakin kwalbati ba mai ɗauka. A motar ba wanda ya ce uffan har muka wuce Gujungu. Masu cewa ganganci ne ban ce sun yi ƙarya ba. Amma mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, wanda bai cika lita 70 ba, kuma yawancin waɗancan yaran ko albashin ba su da shi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Kawu ya je Maigatari kasuwar Alhamis, ya dawo yana ta mita. Wai mutanen Damagaram an rage musu lita daga sefa 540 zuwa 499 tun Yuli, ga matatarsu ta SORAZ a bayan gari tun 2011, ƙarama, ganga 20,000 kacal. Na ce Kawu, in ka canza sefa ɗari biyar ɗin nan tasu zuwa naira, ba ta fi tamu arha ba, naira ce ta zube. Ya ce shi ba ruwansa da canji, shi dai ya ji kalmar ragi, kuma ragin da yake tunawa a nan shi ne na zamanin Ƴar'aduwa, da aka mai da lita 65 daga 70. Na rasa amsar ba shi. Masu ɗora jarkoki a babur su tsallaka da dare dai kasuwarsu ta yi sanyi, wasu sun koma dakon masara.

Ƙaninka ya ajiye babur, keke yake hawa zuwa makaranta, ɗalibai sun sa masa suna. Tumbin ya tafi, har ya fi ka kyan gani. Ya ce in gaya maka in za ka zo da Kirsimeti ka sayi tikiti da wuri, kuma ka cika tanki tun daga can in da motarka za ka zo, kada ka iso Zariya ka fara kiran mutane.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan auta. Ka gaida mai suyan bakin masallaci, ka ce ina sane da canjina. Ina jiran farashin injin kafin a gama rabon ruwa.

Naka har kullum,
Sarkin Noman da ka naɗa