Baƙuwarku ta yabi cuku, ta bar maganar gishirin lazanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina so in gaya maka ƙarara cewa shirinku na rediyo na ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma har yanzu abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Baƙuwar da kuka kawo ta zauna tana lissafa wa mazauna ƙetare abincin da zai rage musu wahalar girki. Da ta iso kan lazanyar cuku ta firiza, wato faffaɗar taliya da ake shimfiɗawa hawa-hawa da cuku da miyar tumatir a gasa, sai ta hau yabo: wai ga sinadarin gina jiki, ga kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, ga tumatir, ga taliya, cikakken abinci a kwali ɗaya. Na kasa kunne ina jiran ta ambaci gishiri. Har aka yi sallama ba ta ambata ba, mai gabatarwa ma bai tambaye ta ba. Haba Malam!

Ban ce ƙarya ta yi ba, cuku yana da sinadarin gina jiki da kalsiyam. Amma gara a yi wa mutum shiru da a gaya masa rabin magana a kan abin da yake zuba wa cikinsa kullum, domin yanzu zai ci hankali kwance, yana cewa ai a rediyo ya ji.

Abin da ya faru a gidanmu ke nan. Ƙanen maigidana yana aikin dare a wani babban sito a nan Manchester, shi kaɗai yake zaune, ba mai dafa masa. Lazanyar cuku yake saye saboda ba nama a ciki, ya huta da tambayar halal. Mutanenmu da yawa a nan sun tsorata da abincin firiza mai nama tun 2013, lokacin da aka gano naman doki a lazanyar da aka rubuta naman shanu a jikinta, shi ya sa suka koma ta cuku. In ka buɗe firizarsa, kwali ne a kan kwali har sama. Zai dawo da asuba a gajiye, ya yi sallah, ya jefa ɗaya a na'urar ɗumama abinci, ya barbaɗa yaji a kai, ya cinye ya kwanta. Da ciwon kai ya matsa masa ya je wurin likita, aka auna, aka ce hawan jini ne. Saurayi da ko aure bai yi ba, yanzu kullum sai ya haɗiyi ƙwaya. Da kyar muka raba shi da kwalayen nan. Ranar Lahadi sai ga saƙonsa a WhatsApp, ya turo mini guntun shirinku, ya rubuta a ƙasa: "Anti, kin ji ko? Ashe ba laifin lazanya ba ne." Aikin da muka sha wahala a kai, baƙuwarku ta warware shi cikin 'yan mintoci.

Na san ba lazanya kaɗai ta jawo masa ba, likita ya ambaci gado da rashin barci. To gado ba ya canzuwa, aikin dare kuma shi ne abincinsa. Gishirin ne abin da yaron zai iya ragewa, shi ne kuma kuka tsallake.

Da baƙuwarku ta ɗauki kwali ɗaya ta duba, da ta gani da idonta. A Ingila yawancin irin wannan abinci yana da 'yan alamomi a gaban kwali, kore da ruwan ɗorawa da ja, kamar fitilar ba da hannu. Wanda na ciro daga firizar yaron nan, gurbin gishiri ja ne, gurbin kitse mai daskarewa ma ja ne. Ba haka kawai ake sa jan nan ba. Ana sa shi ne idan gishiri ya wuce giram 1.5 a cikin giram 100 na abinci, ko ya wuce giram 1.8 a kason mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini guda, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Hukumar lafiyar Ingila ta tsaya a giram 6. Ka lissafa da kanka, Malam: kwali ɗaya ya kwashe abin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na giram 5 ɗin nan, ba a zo kan burodin safe ba, ba a zo kan miyar dare da maginta ba, ba a sa yajin da muke barbaɗawa ba, wanda shi ma gishiri da magi ne a cikinsa.

Akwai kuma wani wayo da ya kamata ku tona. A babban faranti, wanda aka ce na iyali ne, lambobin da ke gaban kwali na kason mutum ɗaya ne, an rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefe, wai a raba wa mutum uku ko huɗu. Wane ƙato ne zai kwana yana ɗaga kaya, ya dawo ya yanki rubu'in faranti ya ce ya ƙoshi? Rabi yake ci, wani ya cinye duka. Duk lambar da ya karanta sai ya ninka ta. Masu sauraronku na Amurka kuma nasu kwalin ba ya ma rubuta gishiri, sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, yake rubutawa da miligiram, sai mutum ya ga kamar abin bai taka kara ya karya ba. Sai an ninka shi sau biyu da rabi kafin a san gishirin: miligiram 800 na sodiyam, giram 2 ne na gishiri. Wannan bayanin ba zai ci muku minti ɗaya ba.

Harshe ba ya gane gishirin lazanya, shi ya sa yake yaudara. Cukun kansa da gishiri ake yin sa, miyar tumatir ɗin da gishiri, farar miyar da ake shimfiɗawa tsakanin taliyar ita ma da nata, ga man shanu ko wani kitsen. Maiƙon yana rufe ɗanɗanon, ka ci kana jin kamar ma bai ji gishiri ba. Kitse mai daskarewa kuwa an ce kada namiji ya wuce giram 30 a rana, mace giram 20, cuku kuma cike yake da shi. Tumatirin da ta yi ta nanatawa ɗan shafe ne kawai. Ganye babu, taliyar kuma ta farar fulawa ce.

Aikina kula da tsofaffi da marasa lafiya ne. Ina wanke mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye, ina ba su abinci a baki, ina goge musu yawu. Wasu ba su kai shekarun ritaya ba. Hukumar lafiya ta nan ta sha faɗa cewa baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka sun fi shiga haɗarin hawan jini, kuma hawan jini yana cikin manyan ƙofofin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Su wa kuke yi wa shirin nan in ba mu ba?

Ba na cewa a haramta wa kowa lazanya. Jefi-jefi, ƙaramin kaso, da ganye a gefe, ba yaji a kai, ba wanda zai yi magana. Firiza ma ba ita ce matsalar ba. A layin da ake sayar da lazanyar akwai daskararren alayyafo da kuɓewa da koren wake, masu araha, ba a zuba musu gishiri ba. Mutum ya yi miyarsa ranar hutu, ya rarraba a ƙananan robobi ya daskarar, shi ya san abin da ya zuba a ciki. Wannan ce shawarar da muke jira daga gare ku.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon ku dawo da maganar nan a shirin mako mai zuwa, a farkonsa, ba a ƙarshe ana gaggawar rufewa ba. Ku kawo likita, ku ɗora kwalin a kan tebur, a karanta abin da ke jikinsa kowa ya ji. Ina so in tura wa ƙanen maigidana wannan guntun kamar yadda ya turo mini nasa.

Sannan don Allah a yi wa mai kula da sauti magana. Kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin kanun labarai ya yi ƙarfi, yana danne muryar mai karantawa. Surukata da ke Zariya ta ce sai ta manna rediyo a kunne kafin ta gane abin da ake faɗa, mun kuma rubuto muku a Facebook ba a ce mana uffan ba.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Manchester, Ingila