Tunawa da Hannah Szenes, sojar laima da aka bindige a Budapest

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in kawo wa masu karatu labarin wata budurwa Bayahudiya mai suna Hannah Szenes, wadda aka bindige a Budapest, babban birnin Hangari, ranar 7 ga Nuwamba, 1944, tana da shekara 23 a duniya.

A birnin aka haife ta a 1921. Da ƙyamar Yahudawa ta tsananta, sai ta ƙaura a 1939 zuwa Falasɗinu, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, ta koyi aikin gona, tana kuma rubuta waƙoƙi. Ta riga ta tsira, babu wanda ya tilasta mata komawa, amma a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga rundunar Birtaniya, aka horar da ita a Masar, sannan a watan Maris na 1944 ta dira da laima a Yugoslabiya da nufin shiga Hangari don taimaka wa Yahudawan ƙasar, inda ta zauna tare da mayaƙan sari-ka-noƙe na Tito, jagoran masu yaƙar mamayar Jamus a Yugoslabiya. Kwanaki kaɗan bayan saukarta sojojin Hitila suka mamaye Hangari, kuma daga Mayu zuwa Yuli na shekarar aka kwashe Yahudawa sama da 400,000 daga ƙasar, akasarinsu zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi ke hallaka Yahudawa.

A watan Yuni ta tsallaka iyaka zuwa Hangari, nan take jami'an tsaron Hangari suka cafke ta, aka kuma gano na'urar aika saƙon rediyo da ayarinta ke ɗauke da ita. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An gana mata azaba domin ta faɗi lambobin sirrin na'urar, ta ƙi, da duka ya gaza kuma sai aka kawo mata mahaifiyarta, wadda ke zaton ɗiyarta tana can lafiya a Falasɗinu, aka tsare ta ita ma. Duk wanda ya san darajar uwa ya san wannan ya fi bulala ciwo, amma ko a nan ba ta buɗe baki ba, domin da lambobin sun faɗa hannun abokan gaba, da an yi amfani da su wajen yaudarar abokan aikinta a kai su ga halaka.

Wasu za su ce aikin da aka tura ta bai yi nasara ba, kuma ba zan musa ba, tunda ba ta kai ga ceto waɗanda ta je dominsu ba. Ni dai ina ganin shirun da ta yi a ɗakin azaba shi ne aikin da ta kammala.

Mahaifiyarta ta tsira daga yaƙin. A 1950 aka mayar da gawar Hannah Tudun Herzl da ke Ƙudus, sai a 1993 kotun soja ta Hangari ta wanke ta daga laifin cin amanar ƙasa da aka tuhume ta da shi.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku